Wa Ya Ɗauke Ka Lauya?

Mutanen Hausa Zango da Moshi Zango, na Sabonjida da Lamashegu, da 'yan kasuwar Aboabo da suka riga suka baza kaya, barkanmu da warhaka. 'Yan'uwanmu Dagomba, dasiba. Waɗanda ke cikin yalo-yalo suna jin mu, Allah ya sauke ku lafiya, direba kuma a sassauta.

Yau kalma ɗaya tak na ɗauko, kuma a gidanmu na fara jin ta.

Ina yaro, ƙanwar mahaifina ba ta kirana da sunan yanka. In aka fasa tulu aka tara mu yara ana tuhuma, ni ne mai ɗaga hannu in ce ai ba a hana taɓa tulun ba, shan ruwan ciki aka hana. Sai Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Oho, Lauya ya iso." Sunan ya bi ni har makarantar allo. Abin lura, Gwaggo a lokacin ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, ba ta taɓa ganin mutum cikin baƙar riga da farar hular gashi ba. Amma ta san sarai abin da take nufi, mu ma mun sani. Ba yabo ba ne zalla, ba kuma zagi ba ne zalla. Irin sunan da ake kiran yaro da shi ana hararar sa, a juya baya kuma a yi murmushi.

Har gobe haka muke amfani da ita. Mutum ya tsoma baki cikin rigimar da ba tasa ba, a ce masa, wa ya ɗauke ka lauya? Mai bashi ya zo karɓar kuɗinsa, wanda ake bi ya fara kawo ƙabli da ba'adi, a ce kai, bar lauyancin nan, biya kawai. Ke nan kalmar tana da fuska biyu a bakinmu: sunan sana'a, da kuma sunan hali. Ta ina halin ya shigo?

Asalin sunan sana'ar ba ɓoyayye ba ne. A bakin Bature muka tsince shi, yadda muka tsinci kotu da beli da sammaci da joji. Mu nan Gana harshenmu ya fi karkata ga loya, haka maƙwabtanmu Dagomba da Tonawa suke faɗa. Mutanen Kano da Katsina da Sakkwato suka ce lauya, jam'i lauyoyi, kuma tasu ce ta shiga littafi da labarun rediyo. To a nan ne abin ya faru. Baƙuwar kalma ta sauka a gidan Hausa, sai ta tarar da takwara a ciki. Tun Bahaushe bai san akwai wata ƙasa Ingila ba yake cewa maƙeri ya lauya ƙarfe. Yau direba yana lauya sitiyari. Ka ɗauki abu miƙaƙƙe ka tanƙwara shi ba tare da ya karye ba, ka lauya shi ke nan. Daga ƙarfe aka kai ga magana, aka ce wane ya lauya zance, wato an kama hanya za a kai inda bai so, ya karkatar da akalar cikin ruwan sanyi.

Babu jini ɗaya tsakanin kalmomin nan biyu. Ta farko daga kalmar Turawa ta doka ta fito, ta biyu kuwa 'yar gida ce. Sai dai kunne ba ya tambayar asali. Bahaushe ya ji an ce ga wani ma'aikaci, aikinsa ya tsaya gaban alƙali ya yi magana a madadin wanda ya biya shi, sunansa kuma lauya, sai ya ce lallai mai sa sunan nan ya san aikinsa. Ga kuma lauje can gefe, shi ma a lanƙwashe, wanda in an ce yana cikin naɗi kowa ya san akwai abin da aka ɓoye. Likita ya shigo Hausa bai tarar da kowa ba, injiniya ma haka. Lauya kaɗai ne tun ranar da ya sauka ya tarar an riga an ɗinka masa riga.

Da ma muna da wata kalma a ajiye da za ta iya ɗaukar aikin. Masu jin Suwahili a Kenya da Tanzaniya wakili suke ce wa lauya, a Indiya da Pakistan ma daga wannan kalma ta Larabci suka samo tasu. Mu ma muna da wakili, kuma malamanmu sun san babin wakilci a shari'a tun daɗewa. Yana nan cikin Tuhufa ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ta hukunci da shi. Mutum yana da damar ya naɗa wanda zai tsaya masa a husuma. Amma da baƙon ya zo, ba mu ba shi wannan suna mai daraja ba. Mun bar wakili ga fada da aure da ciniki, shi kuma muka bar shi da sunan da ya zo da shi.

Tsoron mai iya baki a gaban alƙali ya girmi Bature nesa ba kusa ba. Ɗaliban ilimi sun san hadisin Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Ma'anarsa a dunƙule, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja kunnen masu kawo ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, hukunci kuwa a kan abin da aka ji ake gina shi, don haka duk wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, wuta ya ɗebar wa kansa. Mun saba karanta shi a matsayin gargaɗi ga mai kaifin harshe, kuma haka ne. Amma ku juya shi ku dubi ɗaya gefen. Yana nuna cewa mai gaskiya na iya faɗuwa a shari'a don kawai bakinsa ya yi nauyi. Tsohuwar da ba ta iya jera magana uku a gaban manya ba, wa zai jera mata? A fadar Dagbon ma ba kai-tsaye talaka yake zuba wa sarki magana ba, akwai Wulana a tsakani, kamar yadda Tonawa ke da mai sandar magana a gaban sarakunansu. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san maganar da ta fita bakin mai ƙara da wadda ta isa kunnen sarki ba lallai su zama tsawo ɗaya ba.

Yanzu bari mu ƙetare teku, domin Amurkawa ma suna da nasu laƙabin, kuma nasu da labari a bayansa. In suna so su ce lauya ya kai maƙura wajen wayo da sanin lungunan doka, sai su ce lauyan Filadelfiya. In magana ta cukurkuɗe kuma su ce wannan ko lauyan Filadelfiya sai ta ruɗa shi.

Labarin da aka fi dangana laƙabin da shi ya faru a 1735, Amurka tana ƙarƙashin Ingila kamar yadda mu ma muka taɓa zama. A birnin Niyok akwai gwamna William Cosby, mutum mai son kuɗi da saurin fushi, wanda ya tsige babban joji Lewis Morris don ya ƙi mara masa baya a wata shari'ar albashi. Abokan hamayyarsa suka kafa jarida a 1733, wani Bajamushe mai injin ɗab'i, John Peter Zenger, yake buga musu. Jaridar ta sa gwamna gaba. Aka sa aka ƙona wasu bugu nata a bainar jama'a, a watan Nuwamba na 1734 kuma aka kama Zenger aka kulle. Matarsa Anna ta ci gaba da fitar da jaridar. Lauyoyinsa biyu, James Alexander da William Smith, suka ƙalubalanci cancantar alƙalan da gwamna ya naɗa, sai babban joji James De Lancey ya soke sunayensu daga aikin lauya baki ɗaya. Wa kuma zai yi gigin tsayawa a Niyok?

Sai aka aika Filadelfiya, tafiya kamar daga nan Tamale zuwa Bolgatanga, aka ɗauko wani dattijo, Andrew Hamilton. Ranar 4 ga Agusta 1735 aka zauna. Ku saurari yadda dokar take a lokacin: in ka buga abin da ya zubar da mutuncin hukuma ka yi laifi, ko da abin gaskiya ne. Kai, gaskiyarsa ma ƙara masa nauyi take yi. Abin da mai gabatar da ƙara ke buƙata kawai ya tabbatar Zenger ne ya buga. Ya tanadi shaidunsa. Hamilton ya miƙe ya ce a sallami shaidun, mun amsa, mu muka buga. Kotu ta yi tsit. Mai gabatar da ƙara ya ɗauka aiki ya ƙare. Sai dattijon ya ce saura a nuna cewa abin da aka buga ƙarya ne. Joji ya ce doka ba ta ba shi wannan ƙofa ba. Sai ya bar joji ya fuskanci mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga cikin gari su taya yanke hukunci, irin waɗanda mu nan Gana muke sa bakwai a shari'ar kisan kai. Ya tuna musu cewa su mazauna garin ne, sun san ko abin da aka rubuta kan gwamna gaskiya ne ko a'a. Ba su jima a ɗaki ba suka fito suka ce ba shi da laifi. Hamilton bai karɓi ko kwabo ba.

Ku dubi abin da kyau. A bisa harafin doka, Zenger ya yi laifi. Abin da Hamilton ya yi lauyawa ce tsagwaronta, irin wadda Gwaggo za ta riƙe wa haɓa. Amma wannan lauyawar ce Amurkawa ke lissafawa cikin tubalan 'yancin jarida. Mu nan sai a 2001 majalisa ta soke dokar da ke kai ɗan jarida kurkuku kan ɓata suna, shekara 266 bayan shari'ar Zenger. Da tafiya ta yi tafiya, laƙabin nasu ma ya yi fuska biyu kamar namu: yau yabo, gobe habaici ga mai neman rami a cikin kowace yarjejeniya.

To mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi ci mini rai.

A 1902 Ingila ta shimfiɗa dokar mulkin wannan yanki, ta kira shi Yankunan Arewa, a 1907 kuma aka ɗauko hedkwata daga Gambaga aka kawo nan Tamale. Cikin tsarin akwai abin da ba a cika gaya wa yaranmu a makaranta ba: an hana lauya tsayawa a kotunan Arewa, kamar yadda aka hana a ƙasar Asante. Ko ƙarar bashi ce ko ta kisan kai, kai kaɗai ne da bakinka. Disi, wato Baturen gunduma, shi ne mai gari, shi ne mai sa a kama ka, shi ne kuma mai yanke maka hukunci. A Nijeriya ma Lugga ya yi irin wannan da kotunan lardi a 1914, kotunan alƙalai kuwa suka daɗe ƙofarsu a rufe ga lauyoyi har bayan tafiyar Turawa.

Hujjar Turawa mai daɗin ji ce. Sun ce lauyoyin bakin teku sun talauta jama'a da shari'un filaye da na sarauta, masarautu sun ci bashi har wuya, don haka za su kare mutumin Arewa daga wannan annoba. Ban ce babu ƙamshin gaskiya ciki ba, an yi shari'un da suka cinye gonakin koko ƙurmus. Amma akwai wani dalili da ba su cika faɗa ba. A 1897 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo ƙudurin da zai ba ta iko da filayen kudu. Sarakuna da 'yan boko suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa a Kef Kos. John Mensah Sarbah, ɗan ƙasar nan na farko da ya zama lauya, a 1887, ya tsaya gaban majalisar gwamna ya warware ƙudurin zare-zare, shi ma kuma ya ƙi karɓar lada. A 1898 tawaga ta tafi Landan, ƙudurin ya mutu. Bature ya ji zafin wannan, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Nan Arewa fa? A 1927 aka yi dokar filaye, aka sake mata fasali a 1931, ƙasar Arewa duka ta koma ƙarƙashin ikon gwamna. Abin da ya gagara a kudu ya wuce a nan salin-alin. Babu Sarbah, babu wanda zai ɗauko littafin Bature ya buɗe masa shafin da bai so. Filayen nan ba su dawo hannun sarakuna da masu ƙasa ba sai da tsarin mulkin 1979. Duk lokacin da na ji wani dattijo yana cewa zamanin da babu lauyoyi an fi zaman lafiya, nakan tuna da wannan, in yi shiru don girmansa.

Kuma kada wani ya ɗauka da aka hana lauya an hana lauyawa. Disi ba ya jin Dagbanci, manomi ba ya jin Turanci. A tsakaninsu akwai tafinta da masinja, sau da yawa kuma Hausa ce gadar, domin ita ce harshen bariki da 'yan sanda. Maganar talaka sai ta ratsa baki biyu kafin ta isa. Wanda ya ga tafinta da daddare da 'yar kaza a hannu, da safe maganarsa takan isa da ƙiba. Lauya aƙalla a fili yake tsayawa, kowa ya san ɓangaren da yake, ɗaya gefen ma na iya ɗauko nasa. Tafinta na kowa ne a suna. Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, wani sashe na wannan aiki da harshenmu aka yi shi.

Kun san abin da ya girgiza tsarin? Sai da ya ci Bature. A 1928 wani likitan gwamnati a Bekwai, Benjamin Knowles, aka tuhume shi da harbe matarsa. Aka yi masa shari'a a Kumasi yadda ake yi wa kowa a can: ba lauya, ba masu taya alƙali. Aka yanke masa hukuncin kisa. Jaridun Ingila suka ɗauki kuka, wai yaya za a yi wa ɗan Ingila haka. A ƙarshen 1929 kotun ƙoli ta daular a Landan ta soke hukuncin. Shekara ashirin da shida ana yi wa baƙar fata irin wannan shari'a ba a ji irin wannan kuka ba. A 1935 aka miƙo ikon Babbar Kotun ƙasa har Asante da Arewa.

Ko da ƙofa ta buɗe, ba mu da wanda zai shiga, domin makarantar ma an yi mana rowar ta. Sai bayan 'yancin kai na 1957 muka fara ganin namu. Marigayi Roland Issifu Alhassan, wanda ya yi wa Farfesa Adu Boahen mataimaki a takarar 1992, shi ake ambata a matsayin ɗan Arewa na farko a wannan aiki. Ku lissafa daga 1887. A Nijeriya ma haka ratar take: Sapara Williams ya zama lauya a 1879, Arewa ba ta samu nata ba sai Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori a 1955. Shi ya sa a garin nan kalmar ta zama kamar sarauta, ana liƙa ta gaban suna. Ka ce Loya Ibrahim Mahama, kowane dattijo ya san wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 kake nufi, ba takwaransa mai zane-zane ba, ba kuma takwaransa ɗan kasuwa ba. 'Yan Nijeriya Barista suke liƙawa.

Inda na gaske ya yi ƙaranci, na gwangwani ke cika kasuwa. Mutanen Gana suna da suna mai daɗi ga irin wannan, foket loya, wato lauyan aljihu: bai taɓa leƙa makarantar lauyoyi ta Makola ba, amma ba a kawo magana a rumfar ataya ya rasa sashe da ƙaramin sashe. Kakanninsa su ne masu rubuta wasiƙa da takardar koke a gindin bishiya kusa da kotu da gidan waya, waɗanda tun 1912 aka yi doka cewa dole su karanta wa wanda bai iya karatu ba abin da suka rubuta da sunansa. Babbar kakarsu ta yanke saƙa a 2013, lokacin da Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar zaɓen 2012 kai-tsaye a rediyo da talabijin. Kun tuna. Alƙalai tara, mai shari'a William Atuguba a tsakiya, lauya Tsatsu Tsikata yana yi wa Dakta Bawumia tambayoyi kwana da kwanaki, lauya Philip Addison yana tashi yana zama. Mai gyaran babur ya ajiye sifana, mai waken safe ta bar cokali cikin tukunya. Kafin a yanke hukunci ranar 29 ga Agusta, yaran unguwa in suna musun ƙwallo sai ka ji wani ya ɗaga hannu yana neman izinin mai shari'a. Wasu lauyoyin aljihun suka wuce gona da iri a kafafen labarai, kotun ta kira su, har wasu suka kwana a kurkuku. A 2016 ma mutum uku aka yanke wa wata huɗu kan kalaman da suka yi a wani gidan rediyo na Ankara, kafin shugaban ƙasa ya sassauta musu. Don haka in kun ji ina taka-tsantsan da harshena a wannan kujera, kun san dalili.

Kada lauyoyin da ke sauraro su fara gyara kwala, ban zo wanke su tas ba. Ƙorafin jama'a yana da tushe. Akwai wanda zai karɓi kuɗinka ranar zama ya aiko da takarda wai yana wata kotu. Akwai masu shawagi a harabar kotun majistare suna jiran motar 'yan sanda ta sauke kaya, waɗanda 'yan Nijeriya ke yi wa laƙabi da lauyoyin caji da beli. Akwai wanda ya san wanda ya ɗauke shi ba shi da gaskiya ko ta anini, dabararsa kawai a yi ta ɗagewa har mai gaskiya ya gaji ko ya mutu. Wannan ba ƙarfe yake lauyawa ba, mutane yake karyawa. Kuma akwai rigimar da ta fi ƙarfin baƙar riga. Ta sarautar Yendi ta je har Kotun Ƙoli a 1986, amma sai da Asantehene da Nayiri da Yagbonwura suka yi shekaru suna zama kafin a naɗa Ya-Na a Janairun 2019. Wannan ba zan ƙara komai a kai ba.

Amma in kuna son ganin Hamilton na ƙasar Hausa, ku dubi Katsina. A 2002 wata kotun shari'a a Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa kan zargin zina, ta Funtuwa ta tabbatar. Duniya ta yi ta ihu daga waje, ihun kuma bai buɗe ƙofa ba. Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, ba su ce a jingine shari'ar Musulunci ba. Cikinta suka shiga. Suka buɗe littattafan Malikiyya suka nuna cewa mai iƙirari yana da damar janyewa, kuma ciki na iya kwanciya shekaru bayan rabuwar aure, abin da iyayenmu mata ke kira kwantacce. Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a suka sallame ta. Wani zai ce sun lauya. Ni a ganina littafin da aka karanta rabi suka ƙarasa karantawa.

Gwaggo tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai. Shekaru ta yi tana sayar da koko da ƙosai, ta tara ta sayi fili a bayan gari, ta ba da kuɗin goro, aka ba ta takarda. Bara ta je dubawa ta tarar da bulo jere a kai, mai bulon kuma ya zaro tasa takardar, ita ma da hatimi. Ta aiko a kira ni.

"Lauya, zauna."

Na ce, "Gwaggo, ni fa aikin rediyo nake yi."

Ta ce, "Na sani, kai na baki ne. Na gaske nake so ka nemo mini."

Na ce akwai wani yaro natsattse, ba ya wasa da salla, ba ya cin kuɗin mutane. Ta saurare ni har na gama, sannan ta matso ta rage murya.

"Duk na ji, Allah ya yi masa albarka. Amma ɗan nan, wancan mutumin daga Kumasi ya ɗauko nasa. Shi naka ya iya lauyawa?"

An zauna sau huɗu, an ɗage sau huɗu, yanzu sai bayan Salla. Ba ta fashin zuwa. Takan zauna a bencin baya da carbinta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turancin da ake yi, sai dai ta ƙirga sau nawa nata ya miƙe tsaye. Ranar da ya tashi sau uku, har gida ta aika masa da ƙosai.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.